Saje Trilok da Allunan Harbi Masu Kunne

Duk wanda ya taɓa zama a teburin shayin Bhuwan da ke gangaren kasuwar Simalkhet ya san Saje Trilok Bisht ya taɓa gyara na'urar hango jiragen sama da cokalin shayi, a bakin iyaka, ƙanƙara na zuba masa a ƙeya. Saje da kansa yake ba da labarin, kuma kowace shekara cokalin ƙara ƙanƙancewa yake yi. Ni da yake ƙanwata yake aure, na san shekarunsa ashirin da biyu a soja tankar ruwa ya tuƙa. Ban taɓa faɗa a teburin shayi ba, don zaman lafiyar gidan ƙanwata.

Ni ne sakataren ƙungiyar maharba ta garinmu. Bindigar iska muke harbawa daga mita goma, a wani tsohon ɗakin ajiyar dankali da muka shafe da farar ƙasa. Da can takarda muke liƙawa, a harba, a ciro, a taru ana musu ko ramin ya taɓa layi ko bai taɓa ba. Bana kafin damina aka kawo mana allunan harbi shida masu aiki da lantarki. Kowane allo yana da 'yan kunnuwa huɗu a kusurwoyinsa. Idan harsashi ya huda baƙar takardar da ke tsakiya, sai kunnuwan su ji, su aika wa ƙaramar talabijin da ke gaban maharbi inda ya samu da makinsa. Maki mafi girma shi ne goma da ɗigo tara. Takardar kuwa naɗi ce, tana matsawa da kanta bayan kowane harbi.

Ranar Lahadi aka sa gasar gunduma a wurinmu, kuma wanda ya zo na ɗaya shi zai wakilce mu a gasar jiha a Dehradun, babban birnin jiharmu. Duk garin ya sa ido a kan Hemlata Karki, ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitinmu, wadda ta yi shekara uku tana zuwa atisaye da sassafe kafin ta wuce aiki.

Ranar Asabar da safe muka kunna allunan, sai na uku ya ƙi motsi. A harba, talabijin ta yi shiru kamar ba da ita ake ba. Na kira injiniyan da ya kafa mana su, ya ce ƙasa ta zaftare ta rufe hanyar hawowa, sai ya zagaya ta bayan dutse, ba zai iso ba sai Lahadi da rana.

"Kada kowa ya taɓa komai," in ji shi. "Ka duba kawai ko takardar tana..."

Ban ji ƙarshen maganar ba, don Saje ya karɓe wayar daga kunnena.

"Ɗan samari, yi zamanka a gida ka sha shayi. Akwai soja a nan." Ya kashe, ya miƙo mini, ya murza gashin baki. "Sakatare, ba gyara kaɗai zan yi ba. Zan inganta su duka shida. Idan alƙaliya ta gani gobe, da bakinta za ta ce a dawo da gasar jiha Simalkhet, kuma ka san wanda za a naɗa babban jami'in na'ura."

"Ya ce kada a taɓa komai, Saje."

"Haka suke faɗa don kada a gane aikin ba wuya."

Ya zagaya allo na uku sau biyu, ya kara kunnensa a jiki kamar mai sayen kankana, ya ce sanyin damina ne ya shiga kunnuwan. Ya tafi shagon aski ya aro na'urar busar da gashi, ya haɗa da abin ɗumama ɗaki na gidansa da dutsen gugar tela, ya cusa su duka a soket ɗaya. Ya ce zafi ta fuska uku, haka ake yi a bakin iyaka. Da ya danna, wani abu ya yi tas a jikin falwaya, wutar layinmu gaba ɗaya ta ɗauke.

Kafin minti biyar ƙofarmu ta cika. Mai aski ya zo da mutum rabin kai a aske. Tela ya zo da wando a kafaɗa. Bhuwan mai shayi ya zo riƙe da ludayi, don firjinsa cike yake da madara.

"Saje, wane jirgi kake hangowa yau?" in ji Bhuwan.

"Aikin gwamnati ake yi, koma ka dama ruwan zafinka."

"Da ka faɗa mini ai da na kawo maka cokali. Akwai ƙanana."

Sai da azahar ta gota mai gyaran wuta ya dawo da ita. Allo na uku yana nan yadda yake. Saje ya ce yanzu ya gano ainihin cutar: hayaniya. Abu mai kunne huɗu, ga injin niƙa a maƙwabta, ga ƙararrawar wurin ibada, ga birai suna tsere a kan kwano, ina zai ji harsashi? Ya je ya ce wa mai niƙa ya kashe inji har Litinin. Mai niƙa ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ƙara zuba alkama. Saje ya dawo da ƙunshin auduga daga kemis, ya bi allunan ɗaya bayan ɗaya yana toshe musu kunnuwa.

"Yanzu ba abin da za su ji sai abin da ya dace."

Aka gwada. Da safe allo ɗaya ne kurma, yanzu duka shida sun kurumce.

"Madalla," in ji Bhuwan daga bakin taga. "An yi adalci. Ba wanda ya fi wani."

Saje bai ko dube shi ba. Ya ce tunda duka sun yi shiru tare, to matsalar a waya take. Kafin in buɗe baki ya shiga bayan tebur ya fizge wayoyi shidan da ke haɗa alluna da talabijin, ya shimfiɗa su a ƙasa kamar mai shanyar taliya. Kowace waya injiniya ya liƙa mata 'yar takarda mai lamba. Saje ya bi su da farce ya ɓanɓare.

"Me ya sa?" na ce.

"Suna matse waya, wuta ba ta samun hanya. Kai malamin tarihi ne, Sakatare, tsaya a kan sarakunan da."

Daga nan ya ce soja ba ya aiki da yunwa, ya tafi gida cin shinkafa da miyar wake. Ina zaune na yi tagumi sai ga Hemlata ta shigo da kayan asibiti a jikinta. Ta dubi wayoyin, ta dube ni. Ta wuce wurin allo na uku ta buɗe murfin. Ashe bakin takardar ne ya lanƙwashe ya maƙale, shi ya hana naɗin juyawa. Ta zare tsinken gashinta ta miƙar da shi. Sannan ta bi allunan tana zaro auduga, har ta cika tafin hannu.

"Wannan ta ishe ni wankin ciwo na kwana biyu," ta ce, ta koma bakin aikinta.

Saje ya dawo yana sakace, ya mayar da wayoyin yadda ransa ya ba shi, yana cewa hannunsa ya san kowace. Na ce a gwada layi ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wannan gwajin farar hula ne, a soja tare ake harbi. Ya tsayar da mutum shida daga cikin 'yan ƙungiya, ya ɗaga hannu ya sauke, suka harba tare. Talabijin shida suka kawo maki a lokaci guda, har da ta uku.

Saje ya juyo a hankali ya dubi taga.

"Bhuwan, ka ce wani abu mana."

"Ina jiran gobe."

Saje ya kulle ɗakin, ya jefa makullin a aljihun gaba, ya bi kasuwa shago-shago yana ba da labarin yadda ya tashi na'ura shida daga mutuwa. Kafin ya kai gida sun zama goma sha biyu.

Lahadi da safe ɗakin ya cika maƙil, har da masu leƙe ta taga. Alƙaliyar gasa, Madam Rautela, ta sauko daga garin Almora tun da wuri, mace gajera mai tabarau a kan hanci, ba ta dariya sai da dalili. Maharba ashirin da uku ne, za a shiga rukuni-rukuni, kowa harbi arba'in. Hemlata tana rukunin ƙarshe, a layi na huɗu. Rukunonin farko an sha ƙorafi, musamman daga layi na huɗu da na biyar, amma yara ne sababbin shiga, harbinsu duk kama yake da juna, kuma duk wanda ya ɗaga hannu sai Saje ya je ya dafa kafaɗarsa ya ce na'ura ba ta ƙarya.

Da aka zo rukunin ƙarshe, mai layi na biyar bai iso ba, zaftarewar ƙasa ta tare shi. Saje ya matso gaban alƙaliya ya ƙame.

"Ranki ya daɗe, ni ɗan ƙungiya ne. Bari in cike gurbin, in saurari na'urar daga kusa."

"Ka taɓa shiga gasa?"

"A inda na yi harbi, ranki ya daɗe, allon ma ramawa yake yi."

Ta dube ni ta saman tabarau. Na duƙar da kai ina gyara takardu. Ta rubuta sunansa.

To, Saje bai san tsarin harbin gasa ba, bai san yaushe ake ɗaga bindiga ko yaushe ake hutawa ba. Sai ya yi dabara: ya riƙa satar kallon Hemlata da wutsiyar ido. Ta ɗaga, ya ɗaga. Ta ja numfashi, ya ja. Da ya ji tas ɗinta sai ya danna kunama, har ƙarar biyu ta zama kamar ɗaya.

Harbin farko, talabijin ɗin Saje ta nuna goma da ɗigo huɗu. Na biyu, goma da ɗigo shida. Na uku, goma da ɗigo biyar. Na ga Bhuwan ya sauke kofin da ke hannunsa a hankali. Ni kaina sai da na fara tunanin ko na yi shekara ashirin ina zaluntar mijin ƙanwata a zuci.

A gaban Hemlata kuwa abin ba kyan gani. Huɗu. Shida. Biyu. Wani lokaci ta harba talabijin ba ta nuna komai ba. A harbi na takwas ta ɗaga hannu, alƙaliya ta zo.

"Madam, wannan ba harbina ba ne."

Saje ya saki bindiga ya leƙo. "'Yata, tsoron taro ne. Kowa ya taɓa yi, ban da ni. Murza saitin bindigarki hagu kaɗan."

"Ba zan murza komai ba, Kawu. Na san hannuna."

Madam Rautela ta ce ta rubuta ƙorafin, za a duba takardar allo bayan an gama, amma yanzu lokaci na tafiya. Hemlata ta koma ta tsaya. Na ga gumi yana bin gefen kunnenta. Mahaifiyarta tana zaune a bencin gaba, ta cusa bakin mayafi a baki tana tauna. Duk wanda ya san harbi ya san irin wahalar da ke cikin wannan: idonka yana ganin biyu, ka ci gaba da yarda cewa goma ka harba. Yarinyar nan ba ta taɓa saitinta ba. Ta ɗaga, ta harba, ta sauke, talabijin ta zage ta, ta sake ɗagawa.

A harbi na ashirin talabijin ɗin Saje ta kawo goma da ɗigo tara. Wani ya yi tafi, sauran suka kama. Abin da ya kashe shi ke nan. Ya ajiye bindiga a kan tebur, ya juya wa allo baya, ya fuskanci jama'a, ya ɗaga hannu wai a saurara.

"Jama'a, ku bar mamaki. Sirrin a numfashi yake. Lokacin da nake bakin iyaka..."

Tas. Hemlata ta harba. A bayan Saje talabijin ta kawo goma da ɗigo bakwai.

Wani yaro ya nuna da yatsa. Dariya ta fara daga bayan ɗaki. Saje ya ɗauka daɗin labarin ake ji, ya ƙara buɗe murya.

"...ƙanƙara har gwiwa, ga iska, amma idan na riƙe numfashi..."

Tas. Goma da ɗigo biyar.

"Saje," in ji Bhuwan, "ka yi haƙuri in katse ka. Bindigarka ta ci gaba da harbi ba tare da kai ba."

Saje ya waiwaya. Ya dubi talabijin, ya dubi bindigar da ke kwance a tebur, ya dubi hannayensa. Amma bai karaya ba.

"Waɗannan na ɗazu ne. Na harba su tun tuni, yanzu suka iso."

"Mita goma? Ta bayan dutse suka zagayo su ma?"

Tas. Goma da ɗigo takwas.

"Ga wani ya iso," in ji mai aski. "Akwai saura a hanya, ko mu rufe ƙofa?"

Ɗakin ya fashe da dariya. Tela har da zama a ƙasa. Madam Rautela ta busa usur, ta ce kowa ya ajiye bindiga ya sa 'yar tutar da ke nuna ba harsashi a bakinta. Saje ya zabura zai shige bayan tebur.

"Ƙaramar matsala ce, ranki ya daɗe, minti ɗaya in..."

"Idan yatsanka ya taɓa waya ɗaya, zan sa a fitar da kai ta taga. Tsaya inda kake."

Ta tafi da kanta, ni ina biye, ta buɗe allo na huɗu ta warware naɗin takardar. Ramuka ashirin da uku, kowanne a tsakiya, a jere kamar ɗinkin keke. Ta buɗe na biyar. Nan kam kamar kaji sun yi tsattsaga: wani a sama, wani a gefe, goma sha shida kacal. Muka nemi sauran huɗun. Biyu suna cikin katakon da ya kewaye allon, ɗaya a bango. Na ƙarshen sai da tela ya taya mu nema, aka same shi a jikin kalandar ƙungiya, ya huda ranar Talata.

Ta bi wayoyin da yatsa tun daga allo har tebur. Ta layi na huɗu tana cikin talabijin ta biyar, ta biyar tana cikin ta huɗu. Ta musanya su da hannunta, ta sa aka mayar wa kowa makinsa, har da yaran rukunonin farko.

"Wa ya cire lambobin wayoyin nan?"

Mutum wajen sittin dai suka juya suka dubi wuri ɗaya.

Saje ya yi gyaran murya. "Ranki ya daɗe, tunda an gano inda matsalar take, ni zan janye in ba yara wuri."

"Ba ka janye ba lokacin da ake tafi. Ka yi ashirin, saura ashirin. Koma layinka."

Hemlata ta sha ruwa, ta share hannu, ta ƙarasa harbinta goma sha bakwai ba tare da ta dubi kowa ba. Da ta sauke bindiga a na ƙarshe, mahaifiyarta ta saki mayafin ta rufe fuska da shi. Hemlata ta zo ta ɗaya da tazarar da ba ta bar wa kowa bakin musu ba.

Saje kuwa aka bar shi shi kaɗai a fili, ba wanda zai kwaikwaya. Sauran sun gama, ba wanda ya tafi gida. Kowane harbi jama'a suka riƙa karanta masa da baki ɗaya, kamar 'yan aji. Uku. Biyar. Ɗaya. Da ya samu bakwai sai aka yi masa tafi na gaske, har Madam Rautela ta ɗan murmusa.

Ana cikin haka injiniya ya shigo, taɓo har gwiwa, jaka a kafaɗa. Ya duba allunan, ya ce lafiyarsu ƙalau, ya tambaya wa ya gyara na uku. Na nuna Hemlata. Ya ɗago wani guntun auduga da ya rage a kusurwar allo na shida, ya daɗe yana kallonsa, ya ce gara kada a ba shi labari.

Da yamma aka raba takardun shaida, kowa da matsayinsa a rubuce. Na ɗauka Saje zai bi ta bayan gari ya shige gida ya kwana biyu bai fito ba. Ina isa teburin Bhuwan na tarar da shi a kan bencinsa na kullum, ya shimfiɗa takardar a kan gwiwa, an kewaye shi.

"Na ashirin da uku," in ji Bhuwan yana zuba masa shayi. "Cikin mutum nawa ne ma?"

"Ba haka ake lissafi ba. Mutum nawa ne a gundumar nan? Sun fi dubu ɗari biyar. A cikinsu duka, mutum ashirin da biyu kacal suka fi ni harbi. Ga shi a rubuce, da sa hannun alƙaliya." Ya kurɓi shayi. "Ku kuma da kuke dariya, kuna cikin sauran."

Bhuwan ya koma yana goge teburin da ba datti.

Litinin da sassafe ina buɗe ɗakin harbi sai na ga mutum a tsaye a bakin ƙofa da hoton fasfo biyu a hannu. Bhuwan ne, wanda tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa riƙe abin da ya fi ludayi tsawo ba.

"Sakatare, ba ni takardar shiga ƙungiya."

"Kai kuma? Me za ka yi da harbi?"

"Ba na neman zuwa Dehradun," ya ce. "So nake baɗi waɗanda suka fi Saje harbi su zama ashirin da uku."